Wallafa Rubutu da Manhaja ta Ƙofar API: Yadda Ake Yi da Abin da Ya Kamata a Kiyaye

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara buga Hausa da injin ɗab'i, ba a taɓa raba aikin wallafa da idon ɗan Adam ba. Marubuci ya rubuta, edita ya duba, mai jera haruffa ya jera, sa'an nan mai karanta gwaji ya bi layi-layi yana farautar kuskure kafin a ɗora takarda a kan inji. Ko da aikin ya koma kan kwamfuta da intanet, mutum ne dai yake zama ya zuba abin da ya rubuta, ya duba, ya danna maɓallin wallafawa. To amma akwai hanya ta biyu wadda gidajen jaridu da ɗakunan karatu da jami'o'i suke amfani da ita ƙwarai, watau a bar wata manhaja ta ɗauki rubutu ta kai shi inda za a wallafa, ba tare da kowa ya danna komai ba. Ƙofar da manhajar take bi ita ake kira API.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana wa malamai da manazarta yadda wannan hanya take aiki, a kuma nuna wuraren da take yin tuntuɓe, musamman idan rubutun na Hausa ne. Abin da nake son in tabbatar shi ne, hanyar ba ta kawar da aikin edita ba, ta dai canza masa lokaci ne. A da yana duba rubutu bayan an jera shi, yanzu kuwa tilas ya shigar da dubawarsa cikin ƙa'idar da za a ba manhaja tun kafin ta fara aiki. Duk abin da aka manta ba a sa a cikin ƙa'idar ba, babu wanda zai sake duba shi sai mai karatu.

2.0 Ma'anar API

API haruffa ne na farkon wasu kalmomi uku na Ingilishi, waɗanda ma'anarsu a dunƙule ita ce mahaɗar da manhajoji suke bi su yi hulɗa da juna. Domin a fahimci abin sosai, sai mu ɗauki misalin gidan waya. Wanda ya zo aika ƙunshi ba ya kutsawa ɗakin da ake rarraba wasiƙu, ba ya kuma bukatar sanin yadda ake rarraba su. Iyakarsa taga. A nan zai cika takarda bisa tsarin da aka shimfiɗa, ya nuna shaida, ya miƙa ƙunshinsa, akawu ya ba shi rasit ko ya mayar masa da kayansa tare da faɗin dalili. API ita ce wannan taga, sai dai mai zuwa da mai karɓa duka manhajoji ne.

Saboda haka ɓangarori biyu ne a cikin sha'anin. Na farko shi ne mai nema, watau ƙaramar manhajar da aka rubuta don ta kai saƙo. Na biyu kuma ita ce uwar garke, watau babbar kwamfutar da take ajiye rubutu tana nuna wa masu karatu. Abin da ya haɗa su yarjejeniya ce rubutacciya, wadda ta fayyace irin buƙatar da za a iya miƙawa da irin amsar da za a bayar. Muddin kowa ya kiyaye yarjejeniyar, babu ruwan mai nema da yadda aka gina uwar garke, ita ma babu ruwanta da harshen kwamfutar da aka rubuta shi da shi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen wannan al'amari shi ne ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, bayan shawarar da ya gabatar a 1989. Sigar da aka bayyana a 1991 umarni ɗaya kawai ta sani, na neman a kawo rubutu. A sigar 1996 da ta 1997 aka tabbatar da sauran umarnin da suka ba da damar aikawa da canzawa da sharewa.

A 1998 Dave Winer tare da ma'aikatan kamfanin Microsoft suka fito da tsarin XML-RPC, wanda ya ba manhaja damar ta umarci wata kwamfuta da ke nesa ta aikata wani aiki, kuma manhajojin wallafa na farko sun dogara da shi ƙwarai. A shekarar 2000 Roy Fielding ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda ya bayyana salon da ya kira REST. Ginshiƙin salon shi ne kowane abu ya sami adireshinsa na kansa, a kuma yi amfani da 'yan umarnin HTTP a kansa, maimakon kowane mai gini ya ƙirƙiro nasa. A 2007 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da wata ƙa'ida ta musamman don wallafa rubutu mai suna AtomPub. Daga baya salon REST haɗe da tsarin rubuta bayani na JSON su suka rinjaya. Alal misali manhajar wallafa ta WordPress, wadda ta fara fitowa a 2003, ta shigar da irin wannan ƙofa ta wallafa cikin jikinta a watan Disamba na 2016. Da ita za mu yi misali a nan gaba, don kowa yana iya karanta ƙa'idojinta.

4.0 Ƙirar Buƙata

Ga masu nazarin nahawu, hanya mafi sauƙi ta gane buƙatar da mai nema yake miƙawa ita ce a ɗauke ta a matsayin jimla, mai aikau da aikatau da karɓau, sa'an nan da kayan da aka ɗauko.

4.1 Karɓau: Adireshi

Kowane rukuni na rubutu yana da adireshinsa, haka ma kowane rubutu guda. A WordPress adireshin rukunin maƙalu yana ƙarewa da /wp-json/wp/v2/posts. Idan aka ƙara lamba a ƙarshensa, a ce 57, to ana nufin maƙala guda mai wannan lamba ke nan.

4.2 Aikatau: Umarni

Umarni huɗu aka fi amfani da su. GET yana nufin a kawo in gani. POST yana nufin a karɓi wannan a ƙirƙiro sabo. PUT yana nufin a maye gurbin abin da ke wannan adireshi da wanda na kawo. DELETE kuma yana nufin a share. Abin lura a nan shi ne, idan aka maimaita GET ko PUT ko DELETE sau goma, abin da zai kasance a uwar garke daidai yake da na sau ɗaya. Amma POST ba haka yake ba, kowace maimaitawa tana iya haifar da sabon rubutu. Za mu dawo kan wannan batu a 5.2.

4.3 Aikau: Mabuɗi

Uwar garke ba ta ganin fuska, mabuɗi kawai take gani, watau wani dogon jerin haruffa da lambobi da ake liƙawa a kan kowace buƙata. Duk wanda ya riƙe mabuɗin, a wurinta shi ne mai shi. Da farko kalmar sirrin mutum ita kanta ake ba manhaja, abin da yake daidai da a ba ɗan aike mabuɗin gida gaba ɗaya. Ƙa'idar OAuth 2.0, wadda aka fitar a 2012, ta tanadi hanyar ba manhaja izini mai iyaka, wanda yake ƙarewa bayan wani lokaci, kuma ana iya janye shi. WordPress ma a 2020 ta kawo tsarin ba kowace manhaja kalmar sirri tata daban, yadda za a iya soke ta ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

4.4 Kaya: Rubutun Kansa

Ana shirya rubutun a tsarin JSON, inda kowane bayani yake da laƙabi da abin da ke ƙarƙashinsa. Ga misali:

(1) "title": "Karin Magana"
(2) "content": "Sauri ya haifi nawa."
(3) "status": "draft"

Layi na (1) take ne, na (2) gundarin rubutu, na (3) kuma matsayin da ake son a ba shi. Kalmar da ke layi na (3) tana nufin daftari, watau a ajiye kada a nuna wa jama'a. Idan aka sa "publish" a madadinta, nan take rubutun zai fita duniya. Bambancin rubutun da edita zai gani da wanda ba zai gani ba, kalma ɗaya ce tak.

4.5 Amsa

Kowace buƙata tana da amsa mai lamba uku. Lambobin da suka fara da 2 na nasara ne: 200 an yi, 201 an ƙirƙiro sabo. Waɗanda suka fara da 4 suna nuna laifin mai nema ne: 400 buƙatar ba ta bi tsari ba, 401 babu mabuɗi ko bai yi daidai ba, 403 an san ka amma ba ka da iko, 404 babu abin da ake nema, 429 ka cika yawan buƙata sai ka dakata. Waɗanda suka fara da 5 kuwa matsala ce daga uwar garke. Manhajar da ba ta karanta amsa tamkar ɗan aike ne da ya jefa saƙo ta kan katanga ya dawo ya ce ya isar.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

5.1 Haruffa Masu Lanƙwasa

Matsalar ɓ da ɗ da ƙ tsohuwa ce. Da yawa daga cikinmu sun ga takardun da aka buga da tafireta sa'an nan aka bi da biro ana yi wa haruffa lanƙwasa. Tsarin ASCII, wanda kwamfutoci suka daɗe suna amfani da shi, alamomi 128 kawai gare shi, kuma babu namu a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ lamba 409, ɓ 595, ɗ 599, sai ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar 436. A 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar mayar da waɗannan lambobi zuwa bayit, watau ƙwayoyin bayanin da kwamfuta take aikawa.

A UTF-8 kowane harafin Ingilishi bayit ɗaya ne, amma kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. Harafin ƙ ana aika shi da 198 da 153, harafin ɗ kuma da 201 da 151. Idan wata manhaja a kan hanya ta karanta su da tsohon tsarin Yammacin Turai mai suna Windows-1252, sai ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Ga abin da yake fitowa:

(4) ƙasa → Æ™asa
(5) ɗaki → É—aki

Wannan ɓarna tana da muni a ido amma tana gyaruwa, domin bayit ɗin suna nan ba su ɓata ba. Wadda ta fi ta haɗari ita ce inda manhaja ta sa alamar tambaya a gurbin harafin da ba ta sani ba, ko ta cire lanƙwasa ta bar harafin a sake. A nan ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, ɗa ya zama da, kuma babu injin da zai iya mayar da su da tabbaci sai an koma ga asali. Ƙa'idar JSON da aka sabunta a 2017 ta wajabta amfani da UTF-8 tsakanin kwamfutocin da ba na gida ɗaya ba, don haka galibi ba a bakin ƙofar ake samun ɓarnar ba. Ana samun ta ne tun a fayil ɗin da manhaja ta ɗebo rubutun, ko a rumbun da uwar garke take ajiyewa. Haka kuma akwai batun alamar da muke sawa a 'ya'ya da ma'ana. Alamomi da dama ne masu kama da juna a ido amma lambobinsu daban, kuma wasu manhajoji sukan musanya ɗaya da wata da nufin ƙawata rubutu. Sakamakon haka mai bincike yana iya neman kalma ya rasa ta alhali tana nan.

5.2 Maimaitawa

Wannan matsala na gan ta da idona. A sashenmu mun tara karin magana da kacici-kacici da ɗalibai suka tattaro daga garuruwansu, muka so mu sa su inda kowa zai iya karantawa. Wani abokin aiki ya rubuta 'yar manhaja da za ta aika su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa mata dokar cewa duk lokacin da ba ta ji amsa ba ta sake aikawa. A daren da aka sake ta layin sadarwa yana ta yankewa. Saƙo yana isa, uwar garke tana karɓa tana wallafawa, amma amsar 201 tana ɓacewa a hanyar dawowa, ita kuwa manhajar sai ta ɗauka bai isa ba. Da gari ya waye muka tarar wasu sun fito sau biyu, wasu sau uku, kuma da yake "publish" aka sa, duk mai karatu ya gani. Kwanakin da muka yi muna sharewa da hannu sun fi waɗanda muka yi nufin ragewa.

Laifin namu ne, domin mun manta cewa rashin amsa ba ya nufin rashin isa. Maganin abin shi ne a ba kowane rubutu alama tasa ta daban tun daga gida, a kuma sa manhaja ta yi tambaya da GET ko mai wannan alama yana nan kafin ta sake yin POST. A inda layin sadarwa ba shi da tabbas, wannan mataki wajibi ne.

5.3 Yawa Ba Tare da Dubawa Ba

Matsala ta uku ta fi sauran girma, kuma tarihin kundin ilmi na Wikipedia ya ba mu darasi a kanta. A 2002 wata manhaja mai aiki da kanta, irin wadda ake kira bot, mai suna Rambot, ta zuba maƙalu kimanin 30,000 a kan garuruwan Amurka cikin sashen Ingilishi, daga alƙaluman ƙidayar jama'a. Daga 2012 kuma wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Sverker Johansson, ya saki tasa mai suna Lsjbot, wadda take ɗebo bayani daga rumbunan sunayen halittu da na wurare tana zuba su cikin jimlolin da aka riga aka tsara. Da taimakonta sashen harshen Suwidin ya kai maƙala miliyan 1 a 2013, daga baya ya haura miliyan 3. Sashen Sebuwano, wani harshe na ƙasar Filifin, a 2023 yana da maƙalu fiye da miliyan 6, shi ne na biyu bayan Ingilishi, kuma mafi yawansu manhajar ce ta rubuta.

Sai dai yawan bai zo da masu dubawa ba. Duk kuskuren da ke cikin rumbun da aka ɗebo sai ya bayyana a maƙala, duk jimlar da aka tsara a karkace kuma sai ta maimaitu sau dubbai. A ƙarshe masu aikin sashen Suwidin suka yanke shawarar share ɗimbin waɗannan maƙalu, har adadinsu ya sauko ƙasa da miliyan 3. Sashen Ingilishi kuwa ya shimfiɗa doka cewa ba a sakin bot sai an nemi izini an kuma yi gwaji.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Rubutun Hausa a intanet bai kai na manyan harsunan Turai yawa ba, don haka duk wanda ya zuba rubutu dubu goma a dare ɗaya ya taɓa kaso mai tsoka na abin da ɗalibi zai tarar idan ya yi bincike. Bugu da ƙari, manhajojin fassara suna koyon harshe ne daga rubutun da suka tarar. Idan gurɓatacce ne ya yi rinjaye, shi za su koya, shi kuma za su mayar mana.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ina ba duk sashen da yake niyyar bin wannan hanya shawarwari kamar haka:

(a) A aika kowane rubutu a matsayin daftari. Malamin harshe ya karanta, shi ne kuma zai ba da izinin fitarwa.

(b) Kafin a saki manhaja a kan rubutu mai yawa, a gwada ta da jimla ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, 'y da manyansu, sa'an nan a ɗebo jimlar da GET a gwama ta da ta asali harafi da harafi.

(c) A sa manhaja ta rubuta amsar kowace buƙata a rajista, ta dakata idan ta ga 429, ta kuma tsaya cik ta kira mutum idan kuskure ya yawaita.

(d) Kada a rubuta mabuɗi a cikin jikin manhajar da za a raba wa ɗalibai, kuma a soke shi da zarar aiki ya ƙare ko mai riƙe da shi ya bar sashe.

(e) A riƙe asalin kowane rubutu a gida. Ƙofa ta mai gida ce, yana iya canza sharuɗɗanta ran da ya ga dama. A 2023 kamfanin Twitter ya sa farashi a kan yawancin amfanin da a da ake yi da ƙofarsa kyauta, kuma manhajoji da ayyukan bincike masu yawa suka tsaya a dalilin haka.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an bayyana ma'anar API da tarihinta a taƙaice, an nuna cewa buƙatar da manhaja take miƙawa tana da ƙira irin ta jimla, an kuma kawo wurare uku da ake yin tuntuɓe, watau haruffa masu lanƙwasa da maimaitawa da yawan da ba a duba ba. Ba a yi wannan don a hana kowa amfani da hanyar ba. Sassanmu cike suke da kundayen ɗalibai da tatsuniyoyi da kalmomin sana'o'i da aka tattaro, waɗanda suke kwance a kabad, kuma ba mu da ma'aikatan da za su shigar da su ɗaya-ɗaya. Manhaja za ta iya ɗauke mana wannan dako.

Abin da ba za ta iya ba shi ne ta san cewa ƙafa aka yi nufi ba kafa ba. Saboda haka bai kamata malaman harshe su bar wa masana kwamfuta aikin su kaɗai ba, sai an gama su zo suna kuka. Kamata ya yi su zauna tare tun ranar da ake rubuta ƙa'idar, domin a ranar ake yin aikin edita. Ina fatan mahalarta wannan taro za su tattauna yiwuwar fitar da jimlar gwaji guda ɗaya da jerin sharuɗɗa na bai ɗaya, waɗanda kowace kwaleji da jami'a za ta riƙa bi kafin ta saki rubutun Hausa ta wannan ƙofa.